Kuɗin Sarkin Rum a Yatsan Habibu

Ranar wata Laraba ce ta watan Fabrairu, a shekarar da Faransa ta janye kuɗinta na faran aka kawo euro, kakata Hajiya Mariyama ta ce in sa rigar sanyina in raka ta wajen maƙerin azurfa. Shekarata tara a lokacin. Laraba ba ma zuwa lakwal, wato makaranta, kuma tun da tsohuwar ta zo mana daga Damagaram ni ce bakinta a duk inda za a yi Faransanci, a asibiti ne ko a kasuwa. Ana ɗan yayyafi mai sanyi. Ta ɗora kwat ɗin Baba a kan zanenta, ta zura safa biyu a cikin takalmin soso, muka bi titin unguwarmu ta Goutte d'Or muna wuce mahauta da shagunan katin waya da mai gasa masara a cikin keken kanti. Ina gaba ina jin kunyar shigarta, tana baya tana yi mini faɗan sauri. Na ga ta ƙulle wani ɗan abu a haɓar mayafinta, na ɗauka ɗan kunnenta ne ya karye. Da na san abin da ke cikin ƙullin nan da na kwanta na ce cikina ke ciwo.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane. Mu huɗu ne a gidanmu, amma uku ke kwana a cikinsa. Ɗaki biyu ne a hawa na huɗu, bayin kuma a kan matakala muke rabawa da maƙwabta. Mama na aiki a kicin ɗin wata makaranta, tana fita da sassafe. Baba kuwa a Villeurbanne yake, gefen Lyon, a wani ɗakin bincike inda ake auna ƙarafa a gano abin da aka gauraya a cikinsu. Ran Juma'a yake zuwa, ba kuma kowace Juma'a ba. Sai ni da yayana Habibu, wanda ya girme ni da shekara biyu. Tare muke jan buhun kaya zuwa shagon injinan wanki, shi ya riƙe kunne ɗaya ni ɗaya, muna zagin juna a kan wa ya fi sakin nasa gefen. Tare muke sauke shara, tare muke bin Mama kasuwar ƙarƙashin gadar jirgin metiro mu dawo da albasa da kuɓewa da kifi. In an gama aiki sai tsere a kan matakala, ko ƙwallo a 'yar tsakar gidan da ake ajiye garewanin shara, har matar da ke gadin gidan ta leƙo ta taga ta wanke mu tas. Habibu ya iya kwaikwayon muryarta, kuma sai ya bari ta rufe taga sannan ya fara, ni kuma in yi ta dariya har in kasa gudu.

A hutun damina na shekarar da ta gabata Baba ya ɗauke mu zuwa Lyon. Ɗakinsa ƙanƙane ne, na ɗalibai, da gado ɗaya da murhun lantarki mai kai ɗaya, shinkafa da sardin muka ci har na tsane su. Amma mun hau tiram, jirgin cikin gari, kuma ya kai mu kan wani tudu inda akwai tsohon dandali na duwatsu mai matakalu kamar an kifa rabin ƙwarya. Can ya zaunar da mu ya ce garin nan, tun kafin a san da wata Faransa, a hannun Rumawa yake, kuma a nan sarakunansu ke buga kuɗin azurfa. A wurin aikinsa ne aka kawo irin waɗannan kuɗi a auna yawan azurfar da ke cikinsu, abin ya shiga ransa, har ya je shagon masu sayar da tsofaffin kuɗi ya sayi guda. Ya zaro ta daga aljihun ƙirjinsa a cikin wata 'yar leda. Na yi tsammanin wani babban abu, sai ga 'yar ficiciya kamar maɓallin riga, ta yi duhu-duhu, gefenta ma ba daidai ba. Na ce masa wannan ko burodi ba za ta saya ba. Ya yi murmushi ya miƙo mana gilashin ƙara girma.

Ta cikin gilashin ne na ga abin da ya kama shi. A fuska ɗaya kan wani mutum ne a karkace, mai dogon hanci da siririn wuya, an ɗaura masa kambin ganye, rubutu ya zagaye shi. Baba ya ce sarki Augustus ke nan, kuma ya tsufa tukuf a lokacin da aka buga kuɗin, amma bai yarda a sa masa tsufa a kan azurfa ba. A ɗaya fuskar yara biyu ne a tsaye, sun yafa mayafi, kowa ya dafa garkuwa, mashi biyu a bayan garkuwoyin, a samansu kuma wani ɗan ludayi da sanda mai lanƙwasa irin na masu bautarsu. Jikokin sarkin ne, wa da ƙane, ya mayar da su 'ya'yansa. Ya sa aka buga su a kan kuɗi don duk wanda ya sayi mai ko gishiri a faɗin ƙasarsa ya san su ne magada. Nan take Habibu ya ce shi ne na hagu. Na ce na hagun ya fi kyau, ni ce. Muka yi ta yi har Baba ya raba mu, ya bar wa Habibu hagu. Sai na tambaya, da suka girma wa ya zama sarki a cikinsu? "Babu ko ɗaya," in ji Baba. "Ya aika su nesa su koyi mulki, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ba wanda ya dawo." Daga nan ya mayar da kuɗin aljihu ya ce mu tashi mu sha ƙanƙara mai zaƙi.

Da muka koma Paris ya bar kuɗin a gida, a cikin gwangwanin biskit da ake ajiye fasfo a saman kabad. Duk Juma'ar da ya zo, in Mama ta ce mun yi hankali, sai a sauko da gwangwanin. Akwai doka: a wanke hannu, a riƙe ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuska. Sau ɗaya Habibu ya goga babban yatsansa a kan hancin sarkin, Baba ya buge masa hannu, shi da bai taɓa dukanmu ba. Amma Juma'o'in da ake sauko da gwangwanin suka yi ta raguwa, domin Habibu ya fara abin da Mama ke kira ƙiriniya, makaranta kuma ke kira wani abu mai tsawo. Ya fasa wa wani yaro baki a filin lakwal. Ya koyi tsallake ƙofar metiro. Ya fara tsayawa a dandali da samarin da suka girme shi, yana riƙe musu abin da suka ce ya riƙe. Wata rana da la'asar 'yan sanda biyu suka hawo matakalarmu da shi a tsakiyarsu, duk ƙofofin gidan a buɗe ana kallo. Mama ba ta doke shi ba, zama ta yi a bakin gado da rigar aikinta ta yi ta kuka. Bayan wannan wayarta da Baba ta yi tsawo, kuma in na shigo sai ta rage murya.

Cikin wannan hali Kaka ta zo a cire mata yanar ido. Gajeriya ce mai ƙarfin murya, hannuwanta cike da awarwaron azurfa masu nauyi waɗanda ta ce da manyan kuɗin da, masu kan wata mace mai ƙiba, aka ƙera su. Kafin ta tayar da salla sai ta kifa hoton bikin su Mama ta juya kalandar bango. Ni kullum cikin tsokanata take, wai Hausata kamar ta mai tauna ƙashi. Habibu kuwa mijinta ne, kamar yadda kakanni ke kiran jikokinsu maza. "Maigidana, zo ka ci da ni." "Maigidana ya rame, ba a ba shi fura a ƙasar nan." Kusan kullum sai ta ce, "Ni dai da mijina zan koma Damagaram," mu yi dariya, har shi. Ranar da Baba ya nuna mata kuɗinsa da alfahari, ta kai ta dab da idon da aka gyara, ta gane ludayin kafin komai, ta ce ashe su ma suna shan kunu. Sannan ta taɓe baki ta ce, "Azurfa a cikin leda? Azurfar da ba ta taɓa jikin mutum ba, me aka yi da ita?" Baba ya yi dariya ya mayar gwangwani, a gabanta.

To, kuɗin nan ne Kaka ta kwance a gaban maƙerin ran Larabar nan. Shagon ɗan tsukuku ne mai warin gas da ƙarfe, maƙerin kuma wani dattijo ne ɗan Senegal, ba ya jin Hausa. Da na ga 'yar ledar na ce Kaka, ta Baba ce fa. Ta ce ai ta sani, ita ta haifi Baban. Dattijon ya sa gilashi a ido ya daɗe yana juya kuɗin. Ya ce in gaya wa tsohuwa wannan abu ya fi shagonsa da unguwar duka tsufa, in zobe take so yana da azurfa mai kyau, ta mayar da wannan inda ta ɗauko. Na fassara da sauri, har da ƙari, raina ya ɗan yi sanyi. Kaka ta girgiza kai. Ta ce a gidansu namiji ba ya yin doguwar tafiya sai da azurfar ubansa a yatsa, haka aka yi wa mijinta, haka aka yi wa Baba da zai zo Faransa, azurfar kanti ba ta san kowa ba. Ta zaro wani zare mai ƙulli biyu ta ajiye a kan tebur. "Ce masa yatsan Habibu ne. Ce masa ya gama kafin Juma'a, tafiya yaron zai yi, tare za mu koma." Na buɗe baki na fara juya maganar zuwa Faransanci kamar yadda na saba, kalma bayan kalma, sai da na kai tsakiya na ji abin da bakina ke faɗa. Da muryata na ji labarin, a gaban baƙo.

Ba ta gama ba. Ta ce kan sarkin shi za a kifa a liƙa wa zoben, ya ɓace ciki. Yaran biyu su kalli sama, amma a goge musu kawuna, don yaro zai yi salla da shi kuma ba a tsayawa gaban Allah da surar mutum a hannu. Maƙerin ya tambaye ni sau biyu ko na fahimce ta da kyau. Na fahimta. Ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauko siririn magagari, ya danne kuɗin a kan wani ɗan katako. Abin bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Na hagu ya fara, sannan na dama, garin azurfar ya zuba a kan fatar da ke cinyarsa, wurin ya yi fari ƙal a tsakiyar duhun. Suka rage a tsaye da mayafansu da garkuwoyinsu, ba kai. Har mun kai ƙofa Kaka ta juyo ta ce in ƙara masa magana ɗaya: kada ya yi zoben daidai da zaren, ya ƙara masa faɗi sosai, kamar na babban mutum. "Zai girma a cikinsa," ta ce. Wannan ma ni na fassara.

Tun dare bai yi ba na gaya wa Habibu, muna kan matakala da garwar shara a tsakaninmu. Ya yi dariya ya ce tsohuwa ta jawo wa kanta, Papa zai haukace. Ni ma a kan haka na rataya duk begena. Mutumin da ya buge hannun ɗansa saboda yatsa ɗaya a kan hancin sarki, me zai yi in ya ga an yanke wa jikokin kai? Na ƙudurta zai yi faɗan da bai taɓa yi ba, ya ce ba inda ɗansa za shi, Kaka ta yi fushi ta koma ita kaɗai. Kwana biyun nan ban gane komai a aji ba. Har addu'a na yi Allah ya sa Baba ya fusata.

Ran Juma'a ya iso da 'yar jakarsa da warin jirgin ƙasa a jikinsa. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, Mama ta kawo tuwo da miyar kuka. Sai da aka wanke hannu Kaka ta kwance haɓar mayafinta ta ajiye zoben a gabansa. Baba ya ɗauka. Na lura ta gefe ya riƙe shi, kamar yadda ya koya mana. Ya juya shi ya ga inda aka liƙe fuskar sarkin, ya sake juyowa ya dubi yaran. Jijiyar gefen kansa ta tashi, ina ganinta tana bugawa. Na jira. Ya daɗe sosai, har Mama ta daina motsi. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ya yi kyau." Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Baba, kai ka ce mana sarkin ya aika su nesa ba wanda ya dawo!" Mama ta finciko ni ƙasa tana cewa, "Ke Rabi, rufe mini baki." Baba bai dube ni ba, tuwon ya duba. "Shekara ɗaya ce kawai," ya ce, "ya yi hankali ya dawo." Habibu ya miƙa hannu ya ɗauki zoben ya zura a yatsansa, zoben ya zame ya faɗo cikin tafinsa. A ɗakin nan ni da Kaka kaɗai muka san abin da ya sa ya faɗo.

Daga baya na gane Baba ya daɗe da amincewa da tafiyar, a wayoyin nan da ake rage murya. Kuɗin ne kawai bai san za a taɓa ba. Na yi fushi da shi shekaru, ba na ɓoyewa. Na fi jin haushinsa a kan Kaka, domin ita abin da ta sani ta yi, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Shi kuwa ya san labarin, shi ya ba mu shi a kan tudu. Ranar tafiya Mama ta naɗe bayan zoben da zare baƙi har ya kama yatsan. A filin jirgi Habibu ya kwaikwayi muryar mai gadin gidanmu don in yi dariya, ban yi ba, shi ma ya daina. Na koma jan buhun wanki ni kaɗai, kunne ɗaya a hannuna ɗaya yana jan ƙasa. Shekara ta cika aka ce ya ƙarasa aji. Wata shekarar ta cika, aikin Baba na Villeurbanne ya ƙare, aka ce sai ya sami wani. Lokacin da aka shirya dawo da shi, Habibu ne da kansa ya ce ba ya zuwa. Baba bai sake sayen tsohon kuɗi ba har ya rasu, kuma ban sake jin sunan Rumawa a bakinsa ba.

Yanzu ni ce ke zaune a Villeurbanne, tiram ɗin nan nake hawa zuwa aiki. Wani lokaci nakan kai 'ya'yana mata biyu gidan kayan tarihi da ke kan tudun, inda aka jera kuɗin Rumawa a bayan gilashi. Akwai irin ta Baba, yaran biyu da kawunansu lafiya lau. 'Ya'yana sukan ja hannuna su ce mu wuce, ba abin kallo a nan. Habibu yana nan da ransa, alhamdu lillahi, ba abin da ya sami jikokin sarki ne ya same shi ba. Yana da shagon kayan babur a Damagaram, da mata da 'ya'ya, mutane na kiransa Malam Habibu, kuma Mama ta ce Kaka ta yi gaskiya, an ceto shi. Wataƙila haka ne. Amma in mun yi waya ta bidiyo gaisuwa ce ke cinye rabin lokacin, Faransancinsa ya yi tsatsa, Hausata har yau tana ba shi dariya, 'ya'yanmu kuma sai dai su ɗaga wa juna hannu. A sallar da ta wuce na ce ya nuna mini zoben. Ya kawo hannunsa kusa da wayar. Na tambaye shi ko ya tuna wa ke hagu. Ya duba zoben, ya goga shi da babban yatsa, ya ce, "Ai ba kowa a kai, Rabi. Alwala ta cinye su tuntuni." Na ce ya juya hannun in gani. Babu zare a bayansa, ya zauna daram kamar a yatsan aka zuba shi.

Ya girma a cikinsa kamar yadda Kaka ta auna, ni kuwa ban ga ko rana ɗaya ta girman ba.